Yadda Toyota Ta Gaji Peugeot a Hanyoyin Waca

A tashoshin mota na Waca da Magarya da Dungas, idan aka cire manyan motocin kaya, kusan duk abin da ke lodin fasinja ko buhuna sunan kamfani ɗaya ne a goshinsa. Hiace ce ke kwasar mutane zuwa Damagaram, tsohuwar Hilux ce ke shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, Land Cruiser kuma ita ce motar likita da ta jami'an gwamnati da ta ƙungiyoyin agaji. Direbobi suna da amsa a shirye idan aka tambaye su dalili: Toyota ba ta mutuwa, sai dai ka gaji da ita ka sayar. Akwai gaskiya a maganar, amma ta bar rabin labarin a baya. Ƙarfen Japan shi kaɗai bai isa ya riƙe mota shekara talatin a cikin yashin Korama ba. Abin da ya riƙe ta shi ne mutanen da suka taru a kanta, wato dillalin Kwatano da mai kayan gyara na Kano da makaniken gindin bishiya, kuma tarihin yadda suka taru shi ne ainihin tarihin Toyota a wannan yanki.

Kamfanin da kansa daga masaƙa ya fito. Sakichi Toyoda injin saƙa ya ƙera, ɗansa Kiichiro ne ya juya dukiyar gidan zuwa mota, ya kafa kamfanin a 1937. A 1950 saura ƙiris ya durƙushe saboda bashi da yajin aikin ma'aikata, har Kiichiro ya sauka daga shugabanci. Yaƙin Koriya ne ya cece shi, da sojojin Amurka suka yi odar manyan motoci masu yawa. A cikin wannan yanayi aka ƙera wata motar daji a 1951, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Corolla ta biyo baya a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Japan ta lokacin ƙasa ce mai ƙarancin kuɗi da munanan hanyoyi, saboda haka motocinta suka fito da inji marar rikitarwa, mai shan mai kaɗan. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, duniya ta waiwaye su.

A ƙasar Damagaram kuwa, ba a san su ba tukuna. Mota ta shigo nan ne a bayan gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Magarya da Matamai kudu take bi, da farko a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motocin kamfanonin Turawa, sannan na kamfanin gyaɗa na SONARA da gwamnatin Diori Hamani ta kafa a 1962. Motocin wancan zamani na Faransa da Ingila ne: Berliet ta kaya, Land Rover ta kumandan, sai akori-kurar Peugeot 404 da 504 ta 'yan kasuwa. Peugeot ma har gida ta samu kusa da mu, domin a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna. Duk wanda ya dubi hanyar Magarya zuwa Ɓaɓura a ƙarshen shekarun 1970 zai rantse cewa 504 ta zauna ke nan har abada. Tana da ƙarfi, makanikai sun san cikinta, kayan gyaranta suna nan a tsallaken iyaka.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai cewa inganci kaɗai ne sirrin Toyota ya tsaya ya duba. Peugeot 504 ba raguwar mota ba ce, haka ma Land Rover, haka ma Nissan Patrol. Abin da ya same su shi ne igiyar da ke ciyar da su ta tsinke. A Turai an daina ƙera samfurin 504 na fasinja tun farkon shekarun 1980, motocin Peugeot da suka gaje ta kuma an yi su ne domin kwaltar Faransa, gindinsu a ƙasa. Masana'antar Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, amma faɗuwar naira bayan 1986 ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, har da matsakaicin ɗan kasuwa. Toyota ta yi akasin haka. Ta fitar da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, kuma har yau ba ta daina ƙera shi ba. Injinsa na gas mai silinda shida, 1HZ, wanda ya fito a 1990, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a ciki. Ma'anar wannan ga makanike a Dungas ita ce abin da ya koya yana yaron gareji zai ci abinci da shi har ya yi furfura, kuma ƙarfen da aka cire daga motar da ta mutu zai shiga wadda ke raye.

Suna kuma ya zo mata daga gabas, ta hanyar da kamfanin ba zai so a riƙa tunawa ba. A 1987 sojojin Cadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum a kan akori-kurar Toyota da aka ɗora wa makaman harbo tanka, har aka riƙa kiran wannan faɗa yaƙin Toyota. Labarin ya zagaya Sahara. Daga baya Hilux ta zama motar hanyar Agadas zuwa Dirku zuwa Sabha, hanyar da matasan Damagaram da yawa suka bi neman kuɗi a Libiya, mutum ashirin da wani abu a bayan mota ɗaya, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. Wanda ya tsallake Tenere a bayan Hilux ya dawo gida ba ya bukatar talla.

Amma suna ba ya sa mota a tasha, sai an samu hanyar da za ta zo da araha. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota ta ninka kuɗi a dare ɗaya, kasuwar gwanjo ta Kwatano ta buɗe baki. Abin lura a nan shi ne motocin Japan da ke yawo a Nijar ba daga Japan suke zuwa ba, domin can sitiyari a dama yake, mu kuma a hannun dama muke tuƙi, Nijeriya ma ta koma haka tun 1972. Tsofaffin Corolla da Starlet da Carina da Hiace na Turai ne aka riƙa tarawa a unguwar Heyvaert ta birnin Burasel, a loda su a jirgin ruwa a Antuwaf, a sauke a Kwatano, a koro su ta Malanbil da Gaya. Shi ya sa har yau ake ce wa tsohuwar mota mai kyau 'yar Beljiyam. Da yawansu takardar wucewa kawai suka riƙa yi a Nijar, su bi ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram su faɗa Nijeriya. Wannan ciniki ya cika kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da injuna da giyoyi da ƙafafun mota na gwanjo, kuma mutumin Waca ya fi kusa da Kano a kan Yamai nesa ba kusa ba. Kamfanin CFAO, wakilin Toyota a Yamai, wanda reshen ciniki na Toyota ya saye a 2012, gwamnati da ƙungiyoyi yake sayar wa sababbi. Motar tasha ba ta taɓa taka ƙofarsa ba.

Daga nan lissafin mai mota yake farawa. Ba ya tambayar gudunta ko sanyin cikinta. Yana tambaya ne: idan ta lalace ranar Laraba da dare, za ta tashi ta kai awaki da tumaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis? Idan Hiace ce ko Hilux, yaron mota zai hau babur ya samo abin da ya karye kafin asuba, ko sabo ko na gwanjo. Idan wata mota ce da ba kowa ke da irinta ba, sai a jingine ta a kan duwatsu a jira saƙo daga Legas. Saboda haka kowane sabon mai saye yana bin abin da ya fi yawa a tasha, yawan kuma yana ƙara jawo masu kayan gyara, su kuma su ƙara jawo masu saye. Shi ya sa tsohuwar Toyota take riƙe kuɗinta. Ga ɗan kasuwar da ba ya ajiya a banki, tana yi masa aikin da saniya take yi wa makiyayi: tana ba da abin yau da kullum, ranar matsi kuma a kai ta kasuwa a samu mai saye kafin la'asar. Kuma motar da ke wannan aiki ba yadda ta baro masana'anta take ba. An ƙara mata ganyen sifirin, mai walda ya ɗora mata kariya a rufi, an jera kujeru har ta ɗauki mutum 19, rake da buhunan gero da barkono suna sama. Rabin ƙarfinta a garejin gida aka ƙera shi.

Akwai masu cewa duk wannan yabon juji ne, Turai ce ke zubar mana da abin da ta gama ci. Ba su yi ƙarya ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka, da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashen da suka fito ba. Masu motocin da kansu suna kuka da kayan gyara na jabu, birkin da ba ya kamawa, tayar gwanjo da ke fashewa a zafin bazara, kuma imanin cewa motar ba ta mutuwa shi ke sa a yi mata lodin da ya wuce hankali. Rayukan da ake asara a hanya ba ƙaramin farashi ba ne. Sai dai wanda ke son a hana shigo da tsofaffin motoci ya kamata ya faɗi abin da zai ɗauki mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Magarya a cikin damina. Zaɓin da ke gaban mutumin karkara tsakanin tsohuwar Hiace da amalanke yake. Gyaran da zai yi amfani shi ne a binciki birki da taya da yawan lodi da gaske, a daina mayar da shingen hanya wurin karɓar na goro.

Wasu kuma za su ce ai zancen ya tsufa, babur ɗin Sin da mai ƙafa uku su ne ke jigilar ƙauye yanzu. Haka ne, kuma yadda suka yi nasarar yana ƙara tabbatar da hujjar. Ba wanda ya ce babur ɗin Sin ya fi na Japan ƙarko. Araha ya yi, kayan gyaransa suka cika kowace rumfa, yara suka koyi kwance shi. Hanyar da Toyota ta bi ta kayar da Peugeot ita ce ake bi a ƙarƙashinta yau. Igiyar da ke ciyar da Toyota ma ta fara lanƙwasa. Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 ya rage ribar 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da man sumoga, da direbobin kan iyaka suka daɗe suna dogara da su, duk da matatar SORAZ da ke aiki a arewacin Damagaram tun 2011. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar Gaya ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da tsada da haɗari. Sababbin samfuran Hilux da Corolla da ke isowa yanzu kuma cike suke da na'urorin lantarki, ba sa faɗin ciwonsu sai an jona musu kwamfuta, man da aka tace da ƙyalle a bakin hanya yana kashe musu allurar mai. Makaniken da ke gane ciwon inji da kunne ba shi da abin yi a kansu, sai a ja motar zuwa Damagaram ko Kano. Wannan ne ya sa a kasuwar gwanjo ake ganin abin da zai ba injiniyan Japan mamaki: direban karkara yana tsallake samfurin da ya fi sabunta, ya biya kuɗi mai tsoka a kan tsohon da ya girme shi da shekara goma.