Daga Hammatar Makaɗi Zuwa Maɓallin Fiyano

Wanda ya ga bikin aure a garin Darki shekaru arba'in baya ya san inda makaɗin kalangu ke ajiye fasaharsa: a hammata. Ya matse tsarkiya, murya ta hau; ya sassauta, ta sauko, kalangu ya ambaci sunan uban ango ƙarara. Abin da injiniyoyi suka kwaikwaya da na'ura ke nan, wato lanƙwasa sauti nan take a gaban jama'a. Makaɗan Mamman Shata sun yi shi ba wuta ba batir.

Lantarki ya shigo a hankali. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kaset da ogan ɗin lantarki tun 1978. A Kano kuwa sai da finafinai suka kankama bayan Turmin Danya na 1990 kafin kibod ɗin Yamaha, wanda kowa ke kira fiyano, ya zauna daram a sitidiyo. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya gama magana. Yaro ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin makaɗa biyar, ya ciro sarewa da ganga daga akwati guda. Fiyanon da ya amsa sunansa yana da wata 'yar taya a hagu, ana murza ta sauti ya karkace. Hammata ce aka mayar roba, sai dai har gobe ba ta iya kirari ba.

Daga nan sai Auto-Tune, manhajar da aka fitar a Amurka a 1997 don gyara muryar da ta kauce. Mu Hausawa muka ƙure ta har murya ta riƙa rawa kamar ta aljana, kuma muka so ta haka. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa Anar a 2008 da irin wannan murya, waƙoƙin suka bi memori daga waya zuwa waya.

Yau a dandalin biki janareto ke fara kiɗa. Lasifikokin ma aikin gida ne: kafinta ya buga akwati, mai gyaran rediyo ya dasa amfilifaya. DJ na tsugune gaban mikisa, ya ƙara eko, sunan amarya ya maimaitu sau uku. Mawaƙi sau da yawa baki kawai yake motsawa. In mai ya ƙare a janareto, sai 'yan mata su ci gaba da tafi, a aika yaro da galan bakin titi.