Maƙalewar bidiyo a kwamfuta

Maƙalewar bidiyo matsala ce da ke sa bidiyon da ake kallo kai tsaye ta intanet ya riƙa tsayawa ko tsalle-tsalle maimakon ya tafi sumul. A bakin masu magana da Hausa akan ji "yana maƙalewa", "yana sarƙewa" ko "yana yankewa", duk da ma'ana ɗaya, alhali matsaloli biyu ne mabambanta ke ɓuya a ƙarƙashin waɗannan kalmomi. Tana yawan bayyana a sabuwar kwamfutar tebur komai ƙarfinta, galibi saboda ba a kammala saita ta ba.

Ire-irenta

Iri na farko shi ne jinkirin isowar bayanai. Manhajar kallo takan tara wasu daƙiƙoƙi na bidiyo a ma'ajiyar wucin gadi kafin ta nuna su. Idan abin da ke shigowa bai kai abin da ake kallo ba, ma'ajiyar sai ta ƙare, hoto da sauti su tsaya tare, wata 'yar da'ira ta shiga juyawa a tsakiyar allo. Tsarin HLS da kamfanin Apple ya fitar a shekarar 2009, da MPEG-DASH da ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2012, sun rage wannan sosai, domin suna sauke ingancin hoto da kansu idan layi ya yi rauni. Netflix na ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa domin 1080p, da megabit 15 domin 4K.

Iri na biyu shi ne zubar da firam. Bidiyo jerin hotuna ne da ake kira firam, yawanci 24, 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. A bidiyo mai firam 60, kwamfuta na da kimanin milidaƙiƙa 16.7 kacal ta warware kowane hoto ta ɗora shi a allo. Wanda ya makara tsallake shi ake yi. Alamarsa ita ce sauti na tafiya daidai, hoto kuwa na fizge-fizge. Sayen data mai tsada ko sauya kamfanin intanet ba ya maganin wannan, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi.

Dalilai a sabuwar kwamfuta

Babban dalili shi ne rashin direban katin hoto, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin. Kafin a saka na Nvidia, AMD ko Intel, Windows na aiki da wani direba na riƙon ƙwarya mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda ke jibga wa furosesa aikin warware bidiyo gaba ɗaya. Hoton 4K na ɗauke da ɗigo kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p, don haka nauyin ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma batun kodek, hanyar da ake matse bidiyo domin ya rage girma. H.264 na shekarar 2003 kusan kowane kati na iya warware shi. VP9 na Google ya fito a 2013, sai AV1 a 2018. Katunan Nvidia sun fara warware AV1 da kansu ne daga jerin RTX 30 na shekarar 2020. Kwamfutar da aka haɗa da tsohon kati, ko da sabuwa ce a idon mai ita, takan sha wahala da AV1 a YouTube.

Wasu dalilan na igiya ne. Akan jona allo a ramin da ke jikin babban faifan kwamfutar maimakon na katin hoton da ke ƙasa da shi. HDMI 1.4 kuma ba ya wuce hertz 30 a 4K, sai HDMI 2.0 ke kaiwa 60. Eriyar Wi-Fi ta kwamfutar tebur daban take zuwa a kwali, kuma ba a rasa masu mantawa da ɗaura ta. A kwanakin farko Windows ma takan cinye layi da sauko da sabuntawa a ɓoye.

Ganowa da gyara

A YouTube, danna ɓangaren dama na linzami a kan bidiyo na buɗe zaɓin Stats for nerds, wanda ke nuna adadin firam da aka zubar da kuma yawan daƙiƙoƙin da ke ma'ajiya. Idan ma'ajiya ce ke ƙarewa, laifin layi ne: igiyar Ethernet ta fi Wi-Fi tabbas, zangon 5 GHz kuma ya fi na 2.4 GHz ƙarancin cunkoso. Idan firam ke zubewa, sai a sauko da direba daga shafin kamfanin katin, a tabbatar burauza na amfani da katin hoto a cikin saitinta. Rubuta chrome://gpu a Chrome na nuna ko hakan na aiki. Wani lokaci kashe wannan zaɓi ne ke gyara lamarin, idan direban kansa na da tangarɗa.

Fim mai firam 24 a allo mai hertz 60 yakan ɗan yi rawa idan kyamara na juyawa a hankali, saboda 24 ba ta raba 60 daidai: ana nuna wani firam sau uku, na bayansa sau biyu. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma ba ta faruwa a allo mai hertz 120.