Kasuwar Cai Rang a Idon Masu Ɗaukar Hoto

Kasuwar Cai Rang, wadda ke ci a kan ruwa kusa da birnin Can Tho na kudancin Biyetnam, ta bunƙasa ne a zamanin da rassan kogin Mekong suka kasance manyan hanyoyin kai amfanin gona. Baƙon da ya ga hoton doguwar gorar da ake kafawa a jirgi, an rataya mata abarba ko kabewa, yakan ɗauka ado ce, alhali ga ɗan ƙasa talla ce, domin ita ke sanar da abin da mai jirgin ke sayarwa. Ko da yake gwamnati ta sanya kasuwar cikin al'adun gado na ƙasa a 2016, tituna da gadoji sun janye fatake da dama zuwa tudu, kuma ba kasafai hotunan masu yawon buɗe ido ke nuna wannan raguwa ba.