Zauruka Masu Tsayin Hawa Biyu a Manhajojin Ƙiyasin Makamashin Gini: Nazari Bisa Yanayin Gombe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan yadda manhajojin ƙiyasin makamashin gini suke lissafa farfajiyar ciki mai rufi da zauruka masu tsayin hawa biyu, ta auna usulinsu da yanayin garin Gombe, ta kuma kafa hujja cewa ƙa'idar da akasarinsu suka dogara da ita ba ta inganta a irin waɗannan gine-gine.

Gabatarwa

Tun da aka yanke Jihar Gombe daga Bauci a 1996, garin ya zama babban birnin jiha, sai gine-ginen hukuma da otal-otal da masallatai masu bene da ƙubba suka yawaita, kuma da yawa daga cikinsu suna da fili a tsakiya wanda rufinsa ya yi nisa da ƙasa ƙwarai. Ga shi kuwa Dokar Tattalin Makamashi a Gine-gine ta Nijeriya ta 2017 ta buɗe ƙofar yin ƙiyasi da kwamfuta kafin a aza tubali, saboda haka sanin haddin waɗannan manhajoji ya zama wajibi a kan masu zanen gini.

Asalin Mas'alar

Manhajar EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, kuma manhajar DesignBuilder ta ginu a kanta, a tsarinta na asali tana ɗaukar iskar kowane ɗaki tamkar kunun da aka dama sosai, wato zafinta ɗaya ne daga daɓe har silin. A ofis mai tsayin mita 3 wannan zato bai cika cutarwa ba. Amma a zaure mai mita 10, inda iska mai zafi take tashi ta taru ƙarƙashin rufi alhali mutane suna zaune a ƙasa, kuskuren yakan zo ta fuska biyu: a ƙiyasta wa ƙasa na'urar sanyaya ɗaki fiye da buƙata, sannan a raina zafin da mazauna bene za su sha, su da suke daura da wannan tarin iska.

Maganin da aka saba shi ne a raba zauren shiyya-shiyya daga ƙasa zuwa sama. Sai dai a nan ma akwai illa, domin idan mai ƙiyasi ya raba su da daɓe na gaske, manhajar za ta tsare hasken rana a shiyyar sama, alhali a zahiri yana sauka har ƙasa. Lalle ne ya yi amfani da iyakar iska zalla, ya kuma haɗa shiyyoyin da tsarin AirflowNetwork na manhajar, mai lissafa zirga-zirgar iska.

Hisabi Bisa Yanayin Gombe

Gombe tana wajen digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan tsaya cak a tsakiyar kai sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Na farkon ya dace da ƙuryar bazara, lokacin da zafi yake kusantar digiri 40, kuma zauren da aka yi wa rufin gilashi ba shi da wata kariya a wannan lokaci, tunda rumfar taga ba ta tare ranar da take saukowa miƙe.

Masu sha'awar irin wannan gini sukan ce tsayinsa zai ja iska mai zafi ta fice ta sama. Magana ce sahihiya a ƙasashen sanyi, amma hisabi bai goyi bayanta a nan ba. Ƙarfin wannan ja yana bin tsayin gini da bambancin zafin ciki da na waje. A zaure mai mita 10, in bambancin ya kai digiri 20, kamar a sanyin Ingila, ana samun matsi na kimanin faskal 8. In kuwa digiri 3 ne, ba ya wuce faskal 1 da ɗan abu, alhali iskar waje mai gudun mita 3 a daƙiƙa tana da matsi na kimanin faskal 5. Idan ma waje ya fi ciki zafi, kamar yadda kan faru da azahar a gini mai kaurin bango, sai jan ya juye, iska mai zafi ta riƙa shigowa ta tagogin sama. Amfaninsa na haƙiƙa da dare yake, musamman a hunturu, ko da yake ƙurar wannan lokaci takan sa a rufe tagogi, abin da manhaja ba ta sani ba sai an faɗa mata.

Magina na da, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, sun ɗaga rufi da bakan gizo, amma rufin ƙasa ne mai kauri, tagoginsa kuma ƙanana. Tsayi suka nema, ba su kira rana ciki ba.

Shawara

Ya kamata sassan da suke koyar da gini da injiniyanci a manyan makarantun jihar su kafa ma'aunan zafi hawa-hawa a wasu zaurukan garin, daga daɓe har rufi, su bi su tun daga bazara har hunturu, domin a sami mizanin da za a gwada sakamakon manhajojin da shi. Kafin a kai ga haka, kada hukumar da take amincewa da zanen gini ta karɓi ƙiyasin da ya ɗauki zaure mai hawa biyu a matsayin shiyya guda.