Daga Sallahu Zuwa Kashe Data: Tarihin Shirun Masu Zuwa Hutu Kano

Al'adar da wasu iyalai suka ɗauka a 'yan shekarun nan ta kashe data ko ajiye waya idan sun je hutu babban birni sabuwa ce, domin abin da ake gudu shi ma sabo ne. Kafin shekarar 2001, iyalin da suka taso daga Gumel ko Funtuwa ko Damagaram zuwa Kano kallon hawan salla ba sa buƙatar zama su shawarta ko za su yanke hulɗa da gida. Da zarar mota ta fita daga tasha, hulɗar ta yanke da kanta, sai ranar komawa. Tarihin wannan al'ada tarihi ne na yadda shirun matafiyi ya tashi daga abin da aka saba da shi, ya koma abin da sai an shirya shi da gangan.

Zamanin sallahu

A ƙarni na 19 da kafinsa, tafiya mai nisa tana nufin ɓacewar labari. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan fita a ayari ƙarƙashin madugu, su yi watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda, kafin su dawo. Maniyyatan da suka bi ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya sukan shafe shekaru, suna tsayawa noma ko ƙwadago a hanya don su sami guzuri, wasu ma a Sudan suka zauna ba su dawo ba. 'Yan ci-rani kuwa sukan fita bayan girbi, sai an ga hadarin damina su juyo.

Hanyar da labari ke kai wa gida ita ce sallahu. Matafiyi yakan tarar da ayarin da ke komawa a wani zango, ya nemi mutumin garinsu ya ba shi saƙon baki, wani lokaci haɗe da goro ko turmin zane. Mai ilmi yakan rubuta wasiƙa da ajami ko Larabci, wanda bai iya ba ya je wurin malami. Wannan yanayi ne ya ba sallama nauyinta. Mai tafiya yakan zaga dangi da maƙwabta ya nemi gafara, a yafi juna, ya biya bashin da zai iya biya, domin ba wanda ya san ko za a sake ganawa. Shiru kuma ba ya tayar da hankali, ana ɗaukarsa alamar lafiya har sai an ji akasin haka.

Iyali ba sa zuwa birni don hutawa kawai a wancan lokaci. Biki ko suna ko ta'aziyya ko salla ne ke kai su, kuma gidan dangi suke sauka, kamar yadda fatake ke sauka a gidan fatoma. Baƙo ba shi da wani abin da ke ɗauke masa hankali daga mai masaukinsa. Hira a zaure ko a tsakar gida bayan sallar isha ita ce jaridarsa, kuma a nan yake sauke labarin garinsu ya ɗauki na birni.

Tangaraho, jirgin ƙasa da gidan waya

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba da daɗewa ba kuma suka ja wayar tangaraho don haɗa ofisoshin mulkinsu. Layin dogo ya iso birnin a 1911, ya rage tafiyar makonni zuwa kwanaki, ya kuma zama mai ɗaukar buhunan wasiƙu. Daga wannan zamani Hausa ta gaji kalmomin da har yau ake amfani da su. Waya a asali ƙarfen nan ne da aka ja bisa turaku, gidan waya shi ne inda ake aika saƙo ta cikinsa, kuma “buga waya” ta fara ne da nufin aika tangaraho tun kafin a saba da tarho. Da yake kalma-kalma ake biyan kuɗin tangaraho, saƙonsa gajere ne, kuma talaka ba ya kashe wannan kuɗi sai abu ya kai intaha. Shi ya sa ganin masinja riƙe da takardar waya a ƙofar gida yakan sa gaban mutane ya faɗi.

Wasiƙar boko ta yaɗu bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da shirin yaƙi da jahilci na shekarun 1950. A bakin gidan waya da kotu akwai masu sana'ar rubuta wa mutane wasiƙa, da teburi da biro da ambulan. Wasiƙar takan fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ta jero sunayen waɗanda za a gaisar ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zo kan maƙasudi. Iyalin da suka zo Kano na mako biyu ba sa wahalar da kansu da ita, don sau da yawa sai su riga wasiƙar isa gida. Direban motar garinsu a tasha ya fi sauri: a ba shi takarda ko saƙon baki, gobe ya isar.

A wannan zamani ne kuma hutu, a ma'anarsa ta yanzu, ya shigo. Makarantun boko, tun daga wadda Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sun zo da zangon karatu da hutun ƙarshen zango, aikin En'e da na gwamnati kuma ya zo da hutun shekara. Tura yara birni wurin kawu ko goggo a dogon hutu ya zama ruwan dare. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka samar da gidan zu da madatsar ruwan Tiga da otal ɗin Bagauda, suka ƙaru a kan Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata cikin wuraren da ake kai baƙi. Yaron da ya zo hutu ba ya jin muryar mahaifiyarsa har hutun ya ƙare, kuma ba wanda ke ganin haka a matsayin matsala.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka cike giɓi. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, yana da shirin Zaɓi Sonka, inda ake karanta gaisuwar mutane ga 'yan uwansu na nesa. Kaset kuma ya zama wasiƙar wanda bai iya rubutu ba: iyali su kewaye rakoda, kowa ya yi magana bi da bi, a ba matafiyi ya kai Legas ko Kumasi ko Makka.

Tarhon maƙwabci

An kafa kamfanin NITEL a 1985, amma tarho bai zama kayan kowa ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a fiye da miliyan 100. A unguwa guda sai a sami gida ɗaya ko biyu masu tarho, lambarsu ta zama ta kowa. Mai kira daga nesa yakan gaisa da mai gidan, ya roƙa a kira masa wane, ya ce zai sake bugowa bayan minti goma. Yaro ya ruga da gudu, wanda aka kira ya zo ya zauna a falon mutane yana jiran ƙara, ya yi magana a taƙaice masu gida na ji. Baƙon da ya zo hutu daga ƙauyen da babu layi ko ɗaya ba shi ma da wanda zai kira.

Shigowar salula

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Da farko layi kaɗai yakan kai naira dubu 20, kira kuma naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar aka yi. Daga nan aka sami masu zama ƙarƙashin lema da teburi suna sayar da kira, aka kuma sami filashin, wato a buga a kashe don wancan ya kira. Zuwan Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ya karya farashi. Layukan da ke aiki sun haura miliyan 100 a 2012, suka haura miliyan 200 a 2020, kasuwar waya ta Farm Centre kuma ta zama ɗaya daga cikin wuraren da baƙi ke zuwa idan sun shigo Kano.

Salula ta haifar da sabbin wajibai. Matafiyi zai sanar cewa sun taso, ya sanar sun wuce Zariya, ya sanar sun sauka lafiya, idan ya yi jinkiri a kira shi da faɗa. Sallamar tafiya ta yi sauƙi, “sai mun yi waya” ta maye gurbin zagayen neman gafara. Duk da haka wayar wancan lokaci kira da rubutaccen saƙo kawai take yi, ana gamawa ta koma aljihu.

Data ce ta sauya wannan. Intanet ta fito daga kafe ta shiga aljihu ta hanyar BlackBerry da 2go, sannan wayoyin Android masu rahusa irin su Tecno da itel, bayan da igiyoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a 2010. Saƙon murya da WhatsApp ya kawo a 2013 ya farfaɗo da aikin kaset, sai dai yanzu a cikin daƙiƙa yake isa. Ofis da kasuwa da zauren dangi duk suka bi mai hutu har masaukinsa. A hawan Daushe, inda da ake miƙa wuya a kalli jahi a Ƙofar Kudu, yanzu hannuwa ne a sama riƙe da wayoyi, kuma na gida sukan ga hoton kafin dawakin su watse.

Kashe waya da gangan

A ƙasashen Yamma ne aka fara ba wa ajiye waya suna da tsari. Wata ƙungiyar Yahudawa a Amurka mai suna Reboot ta fara ware rana guda a shekara ta nisantar na'urori a 2010, tana koyi da hutun ranar Asabar. Faransa ta fara aiki da doka a ranar 1 ga Janairun 2017 wadda ta wajabta wa manyan kamfanoni tattaunawa da ma'aikata kan 'yancinsu na ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi. A 2018 Apple da Google suka saka wa wayoyinsu ma'aunin da ke nuna wa mutum awannin da ya shafe yana kallon allo.

A ƙasar Hausa akwai abubuwan da suka share wa wannan tunani hanya. Malamai sukan ja hankalin masu i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan su rage taɓa waya, makarantun kwana da yawa kuma sun hana ɗalibai riƙe ta. A Kano akwai ƙarin dalili na zahiri: yawaitar ƙwacen waya ya sa masu masauki ke gargaɗin baƙi kada su fito da babbar waya a adaidaita sahu ko cikin cunkoson salla.

Iyalan da ke kashe data idan sun zo hutu ba kasafai suke yanke komai ba. Abin da aka fi yi shi ne a sanar da dangi an sauka, a gaya musu lokacin da za a riƙa buɗe data, galibi da dare, maigida ko uwargida su riƙe ƙaramar waya mai tocila saboda kiran gaggawa, manyan wayoyi kuma su zauna a jaka. Ana rubuta lambar mai masauki a takarda a saka wa kowane yaro a aljihu, a kuma tsayar da wurin haɗuwa idan an rabu, kamar ƙofar gidan zu ko bakin masallaci. Hanya kuwa tambaya ake yi, tunda matambayi ba ya ɓata.

Abubuwa uku ne ke taƙaita al'adar. Na farko kuɗi: tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa a birni ya koma tiransifa da POS, wanda ya rufe data sau da yawa sai ya tanadi tsaba. Na biyu zumunci, wanda a da ake cewa a ƙafa yake, yanzu kuma rabinsa a waya yake, har rashin amsa gaisuwa a zauren dangi kan zama laifin da sai an ba da haƙuri. Na uku tsaro. An katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, aka sake yin haka a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021, mutane suka riƙa tafiya mai nisa ko hawa tudu don neman sabis, wasu suka koma ba direbobi saƙo a tasha kamar yadda iyayensu suka yi. Garkuwa da mutane a kan hanyoyi kuma ta sauya ma'anar shiru gaba ɗaya: jin cewa wayar matafiyi a kashe take ya isa ya hana gida duka barci. Saboda haka ne kusan duk iyalin da suka ajiye wayoyinsu a cikin birni sukan kunna su ranar komawa, su bar su a kunne daga tasha har ƙofar gida.