Tambarin Da Ke Kan Kuɗi

Jama'a, kullum kuɗi na gilmawa ta hannunmu, amma kaɗan daga cikinmu ke juya shi su duba zanen da ke kai. Dattawanmu sun san kwabon Ingilishi mai huji da tauraro da rubutun Larabci. To, yau bari mu bi sawun tammar Faransa da dalarta har maƙera.

A birnin Liyon aka daɗe da wannan sana'a. Wajen shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka buga ƙaramar azurfa a can da hoton zaki, har yau kuwa zaki ne tambarin garin. Daga baya Sarkin Rum Augustus ya kafa babbar maƙera a nan, ta zinariya da azurfa. A zamanin sarakunan Faransa harafin D ne shaidar kuɗin Liyon, na Paris kuwa A. Maƙerar Liyon ta mutu a ƙarni na 19, ta Paris ta wanzu, ita da asalinta tun dokar Sarki Charles ta shekarar 864.

Ga inda zancen ya shafe mu. Ran 26 ga Disamba 1945 aka ƙago kuɗin sefa. A 1948 maƙerar Paris ta buga wa Afirka ta Yamma tamma ɗaya da tamma biyu. Gefe guda ga mace da hular 'yanci, watau alamar Jamhuriyar Faransa, jiragen ruwa na bayanta. Ɗaya gefen ga kan barewa. Duba dai, su suka sa kansu mutum, mu kuwa naman daji ya wakilce mu.

A 1957 sai wani kifi mai baki kamar zarto ya bayyana kan dala biyu da dala biyar. Wannan ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna Kumasi, gama siffar ma'aunin zinariya ce irin ta Asantawa da danginsu. Har yanzu shi ne tambarin babban bankin ƙasashen sefa na yamma.

Da mulkin kai ya zo, kowa ya nemi nasa. Gana ta sa kan Nkrumah da tauraro a 1958. Nijar ta fitar da kuɗin tunawa mai ɗauke da shekarar 1960, ga kan Diori Hamani, ga tambarin ƙasa: rana, da mashi da takubba, da zangarniyar gero uku, da kan sa. Manomi da makiyayi kowa ya ga kansa ciki.

Saboda haka, samari, in kun tarar da tsohon kuɗi cikin adakar kaka, kada ku yi garajen kai wa maƙeri ya narke don zobe. Ku kai wa dattijo ya gaya muku wanda ya yi mulki sa'ad da aka buga shi, tun masu sani suna da rai. Allah ya sa mu gane, amin.