Yadda ake gano ɓaraka a manhajar kwamfuta

Gwajin fazin wata dabara ce ta gano ɓaraka a manhajar kwamfuta tun kafin masu kutse su kai gare ta.

Akan ɗura wa manhajar tarin bayanai barkatai. Idan ta tsaya cik ko ta rikice, to akwai kuskure a rubutunta da ke bukatar gyara.

Farfesa Barton Miller na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka ne ya ɓullo da dabarar a 1988. Gwajin farko ya durƙusar da kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na manhajojin UNIX da aka gwada.

A 2014, kamfanin Codenomicon na Finland ya gano ɓarakar Heartbleed da irin wannan gwaji, ɓarakar da ta buɗe ƙofar satar kalmomin sirri a intanet.